Inabin Alƙalin Bango

Allah Ya yi wa Tawa baiwa biyu: kasuwar dabbobi da idon Mushe Manzo, wato Malam Manzo a bakin Nasara. Akawu ne a biro, wato ofishin gwamnati, amma wannan aikin rage lokaci ne. Ainihin aikinsa sanin hoto. Tun da Nasara suka naɗe kayansu suka bar tarkace, duk wanda ya tsinci hoton kwano da 'ya'yan itace sai ya kai masa. Manzo ya ɗora tabarau a karan hanci, ya ja da baya taku uku, ya dawo ya shinshina, sannan ya yanke hukunci. Shi ya sa aka laƙaba masa Alƙalin Bango.

Nasa hoton na rataye cikin gilashi a zaure: inabi, tuffa biyu da kwalba. Bai taɓa sa inabi a baki ba, amma kai ka ce a gonarsu aka yanke masa cibiya.

Wata rana Dodo tela ya kawo irinsa sak.

"Wanga?" in ji Manzo. "Kalandar masu sabulu ce! Dubi inabin, ba rai. Nawa ɗan birnin Faris ne ya zana da hannunsa, har raɓa kake gani. Kowa ya tsaya ga allurarsa, Dodo."

Dodo ya naɗe takardarsa ya fita.

Da damina Manzo ya tafi rangadi Bambeye, gara ta bi bango ta yi kalaci da ɗan Faris. Matarsa Talle, don gudun tashin hankali, ta roƙi Dodo nasa ta zura cikin gilashin. Maigida ya dawo. Wata uku cur yana nuna wa baƙi raɓa!

Sai ga sabon kwamanda mai mulkin yankin, ɗan ƙasa, yana neman wanda zai riƙe adon masaukin baƙi. Wannan kujera ita ce ta hana Manzo sukuni. Ranar gaisuwa ya sha kwat da wando, ya rungumo hoton ya miƙa gaban jama'a.

"Ranka ya daɗe, a ƙasar Adar kakaf ba idon da ke raba zane da jabu sai wanga nawa. Ko cikin barci aka nuna mini kalanda, sai na gane ta."

Kwamanda ya ji daɗi, ya ce bari ya ga sunan mai zanen. Bai gani a gaba ba, sai ya zare takardar ya juya. To, tela dai ba ya rasa inda zai rubuta awo. Kwamanda ya karanta da ƙarfi:

"Mushe Manzo. Wuya arba'in da biyu. Ciki ɗari da ashirin, a ƙara huɗu saboda naman Sallah."

Zufa ta keto wa Alƙalin Bango har tabarau na zamewa. Can daga baya Dodo ya ɗaga hannu cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, hoton dai na masu sabulu ne, shi da kansa ya shaida. Amma cikin na gaske ne, ni na auna."