Kwalbar Awon Ruwa a Gindin Indararo

Da safiyar Talata Mamman ya tarar da kwalbar awon ruwan sama ta cika har tana zuba, alhali yayyafin da aka yi ko ƙasa bai jiƙa ba.

Mamman manomi ne a Kalgo da ya iya karanta lamba, shi ya sa aka ɗora masa duban kwalbar. Malamin da ya kawo ta ya koya masa ƙa'ida: a kafa ta a fili, nesa da itace da gini, a daidaita gindinta, a durƙusa ido ya yi daidai da bakin ruwan, a karanta sau uku kafin a rubuta.

Sai dai akwai Mai Girma Uban Awo, wanda aikinsa duba mai duba kwalba. Shi ya ga bai dace kayan hukuma su zauna a fili kamar marasa gata ba. Ya sa aka mayar da ita jikin soronsa, daidai gindin indararo.

Mamman ya ce, "Ranka shi daɗe, ruwan rufin nan duka cikinta yake zuba."

"Ba ruwan sama ba ne?"

"Shi ne."

"Ka karanta sau uku?"

"Na karanta."

"To rubuta."

Wata uku yana rubutawa. Gero ya bushe a tsaye daga Diggi har Wurogauri, matarsa Delu ta koma dafa ganye. Da aka zo rabon hatsin agaji, takarda ta nuna babu inda ya kai Kalgo ruwa. Hatsi ya wuce zuwa Maruda, Mai Girma kuma ya sami alkyabbar yabo.

Mamman ya taka da ƙafa har Gwandu ya yi bayani. Manya suka saurare shi da natsuwa, sannan suka tambayi wa ya rubuta lambobin. Ya ce shi ne. Nan take aka sallame shi saboda sakaci, aka naɗa Jibrin, surukin Mai Girma, wanda bai san bambancin ɗaya da tara ba.

Delu ta tare shi a ƙofa. "Sun yarda?"

"Sun yarda ni ne."

Jibrin kuwa, Allah Ya saka masa, takarda fara fat ya riƙa aikawa, manya kuma suka ɗauka ko ɗigo bai sauka ba. Da shekara ta zagayo damina ta yi kyau, rumbuna suka cika maƙil, sai ga raƙuma goma sha biyu sun iso Kalgo da hatsin agaji.