Shaidun Tsanwa

A wani babban tsibiri da teku ya yi wa ƙawanya, kwaɗi ne ke mulki tun kaka da kakanni. Ƙanana ne, koraye, ga surutu. Majalisarsu na zama a bakin fadama duk damina, ba a taɓa tashi da wata matsaya ba, kuma wannan suke kira zaman lafiya.

Shekarar da ƙwari suka faɗa wa raken tsibirin, Sarkin Fadama ya kawo shawara a gayyato manyan kwaɗin ƙetare su zo su cinye su. Tsanwa, wata uwa mai 'ya'ya da yawa, ita ta fi kowa guɗa ranar da baƙin suka sauka, jagoransu Burduddugi a gaba, cikinsa na jan ƙasa.

Sai dai ƙwari a saman rake suke, baƙi kuwa ba su iya hawa ba. Yunwa ba ta san yarjejeniya ba, sai suka koma cin abin da ke ƙasa. Fatarsu dafi ce, har macijin da ya sari ɗayansu ya mutu, majalisa kuwa ta ba su lambar yabo kan tsaro.

'Ya'yan Tsanwa suka fara ɓacewa. Ta zargi shaho, ta zargi ambaliya, har ranar da ta ga ƙafar autanta tana motsi a bakin wani baƙo. Ba ta yi kuka ba, majalisa ta nufa.

Ta tarar da Burduddugi a kan dutsen sarauta. Aka ce mata Sarkin Fadama ya je cin abinci gidan Burduddugi, bai dawo ba tukuna.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ƙwari muka kira ku ku ci, ba 'ya'yanmu ba."

Burduddugi ya lumshe ido, ya yi gyatsa a hankali.

"Ya ku 'yan majalisa, kun ji zargi mai nauyi. Mu masu bin doka ne, doka kuwa ta ce ɗan ƙasa kaɗai ke kawo ƙara. Baiwar Allah, ke 'yar ina ce?"

"Ni? A wannan fadamar aka haife ni!"

"Madalla. Kawo shaidun da suka san haihuwarki."

Tsanwa ta waiga dama, ta waiga hagu. Inda ƙawayenta da 'yan'uwanta ke zama dā, sai jibga-jibgan fuskoki masu ƙuraje suna kallonta. Kore guda ya rage, tsohon sanƙiran majalisa mai yin shela, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce idonsa ya yi rauni, ba ya gane fuska.

"To, baƙuwa ce," in ji Burduddugi cikin tausayi. "Mu kuwa ba ma wulaƙanta baƙo. A kai ta gidana, ta huta."