Tseren Motar Rana Bayan Magariba

Yau da safe na koma ofishin kwamitin gasar motoci masu aiki da hasken rana, karo na biyar, da takarduna a hannu da Kawu Badaru a bayana. Ni na zana motar, ni na haɗa wayoyinta a garejinsa na unguwar Sultana. Shi ne zai tuƙa, tunda mace ba ta riƙe sitiyari a garin nan. Abu ɗaya nake so: ranar Alhamis motata ta shiga filin Aƙiƙ da sunana, Innayatu, a jikinta.

Masu Girma 'yan kwamiti, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, mutane ne masu hazaƙa. A watan Muharram suka ce ƙafa uku. Na yi uku. A Safar wani Babba ya ga hoto ya ce wannan ai keken kaya ne, a mayar huɗu. Na mayar. Sai aka ce ta yi tsawo, na yanke mata hanci. Sai aka hana batir, wai ha'inci ne a ɓoye rana a akwati. Na cire, ban yi kuka ba, ko da yake wata biyu na yi ina nemansa.

Yau magatakarda ya miƙo doka ta goma sha huɗu, idonsa a kan shayinsa. An ɗage tseren zuwa bayan sallar magariba, saboda manyan baƙi ba sa jure zafi.

Na ce, "Ya ustaz, da wace rana za mu yi gudun?"

Ya ce, "Wannan ba sashena ba ne. Bukra ki tambayi mudir." Wato gobe in tambayi shugabansu.

Kawu ya sunkuyo ya ce a hankali, "'Yar nan, halas, shi ke nan, mu tafi. Ni dama ba na son zafin."

Da muka dawo unguwarmu, Bani Harisa, maƙwabciyarmu Inna Dumbulwa tana tsince shinkafa ta ce, "Duk karatun nan naki, a ce motar da ke kwana tun kafin kaji? Ki ba ni faifan nan mai ɗaukar hasken rana in shanya kuɓewa."

Ban ba ta ba. Na zauna na karanta dokokin nan goma sha huɗu layi-layi, yadda aka koya mini a makaranta. An hana fetur, an hana batir, an hana ni tuƙi. Babu inda aka hana turi, babu kuma inda aka ce mai turin sai namiji.

Saboda haka ranar Alhamis, idan sauran injiniyoyi suna tsaye suna kallon sama, za ku ga wata a abaya ta dafa bayan mota mai lamba bakwai. Na riga na hana Kawu ƙarin kabsa, shinkafar nan mai nama, kar ya ƙara mini nauyi.

Roƙona ɗaya, jama'a: wanda ke da ɗan'uwa a kwamitin ya ɓoye masa jaridar nan sai Juma'a.