Yadda Ake Zaɓar wa Uwa Allurar Tiyata Ba da Saninta Ba

Kai ɗan boko mai sabuwar Fijo, ga hanyar da za ka bi a tsaga cikin uwarka ba ta ce uffan ba. An gwada ta a kan Hajjo ta Mabera, ta kuwa yi aiki sarai. Ka bi ta daki-daki, ba fashi.

1. Ka tabbata kai ne ɗan fari

Nan ne gindin abin. Uwa ba ta haɗa ido da ɗan fari, balle ta yi zancen mararta a gabansa. Hajjo na da 'ya'ya mata masu baki, duk aka bar su gida suna daka. Wanda ya kai ta asibiti shi ne wanda kunya ta hana ta yi wa gardama.

2. Ka zama tafinta

Likitan Ba'indiye ne, ba ya jin Hausa. Zai yi ta bayani yana taɓa bayansa, yana taɓa hancinsa. Wai allura iri biyu ce. Ta gadon baya tana kashe jiki daga ciki zuwa ƙafa, mutum yana ido biyu, yana ji yana magana, sai dai wani ciwon kai kan biyo baya. Ta barci kuwa a ɗauke mutum ɗungurungum, a zura masa roba a maƙogwaro, ya farka da amai. Ciwon Hajjo ƙari ne a ƙasan cibiya, kowacce za ta yi, mai jikin ce za ta zaɓa.

Kada ka fassara ko kalma ɗaya.

Hajjo ta dubi bango ta ce, "A tambayi wancan, mi likita yac ce?"

"Inna, cewa ya yi ki kwantar da hankalinki."

"Duk zancen ga?"

"Haka Turanci yake, Inna."

3. Ka zaɓi barci

Tsohuwa mai ido biyu tambaya gare ta, kai kuma mutanen gwamnan soja na jiranka kan kwangilar siminti. Masana sun tabbatar, ba uwar da ta kai mai barci sauƙin sha'ani.

4. Ka aiko direba da katan ɗin madara

Bayan tiyata maƙoshinta na zogi, ko ruwa ba ya wucewa. Ba komai, masu dubiya za su gani su sa maka albarka.

5. Kada a kwantar da ita kusa da wadda aka yi wa ta baya

A nan ɗan Hajjo ya yi sake. Gadon da ke kusa na Sadiyatu ce, 'yar Kwalkwalawa, ita ma cikinta a ɗinke.

"Ni ido biyu anka yi min," in ji ta. "Ina ta salati, ina jin ƙarar almakashi. Da sunka hiddo abin nic ce a gwada min. Malam maigidana ya tahi da shi cikin ƙyalle hwari, ya bizne. Inna, ke ina naki?"

Hajjo ta riƙe rigar wata nas mai suna Atika, ta ƙi saki sai da ta ji komai: allura biyu aka ba ta zaɓi, kuma ba ƙari kaɗai aka cire ba, har da mahaifa. Ɗanta ne ya ce a cire. Ina take? Atika ta ce ba wanda ya nema, mai shara ya kwashe.

Ɗakin da ɗan nata ya fara kwana a duniya ke nan.

6. In ta tayar da zancen, ka ce, "Ba ga shi kin warke ba?"

Ta warke, ta gode wa Allah, ta gode wa likita. Ka maimaita mata wannan har ta ga kamar butulci ne Musulma ta so a rufe namanta da ƙasa.

Gargaɗi

Mai wannan nasiha ba ruwanta da abin da ya biyo baya. In ka iske tsohuwa ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ofishinka da hantsi, kada ka nemi kowa. Hajjo na can yanzu haka, da butarta da carbinta. Duk alhajin da ya sauko daga mota neman siminti sai ta tare shi su gaisa, ta tambayi iyali, sannan ta ce:

"In ka shiga ka hwaɗa mai. Ko shi kawo a bizne, ko shi hito shi gwada min jujin da anka zubda ni."