Rasuwar Wayar da Ta Ajiye Ƙarar Keken Inna

Da zuciyar da ya kamata a ce tana cike da baƙin ciki, mai kula da ɗakin ajiye fayil, wanda abokan aiki ke kira Injiniya don tsokana, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayarsa. Ta cika ranar Talata da misalin ƙarfe ɗaya na rana, a kan teburinsa, tsakanin hatimi da kofin shayi. Yana neman afuwa a kan cewa sanarwar ta makara da kwana tara. Ba aiki ne ya riƙe shi ba, kowa ya san yadda ɗakin fayil yake. Jira ya yi ta yi baƙin cikin ya iso tukuna, don kada ya rubuta ƙarya. Da ya ga shiru, sai ya ce bari dai ya fara, in ya taso ya tarar da shi a hanya.

Kalmomin da ake buɗe sanarwar ɗan Adam da su ya bar su ga masu su. Wannan waya ce.

Marigayiyar ta rasu tana da shekara shida a duniya, biyar a hannunsa, ɗaya a hannun wani bawan Allah da ya bar mata tsaga a goshi. Ba ta yi suna wajen ɗaukar hoto ba, kowa ta ɗauka sai ya fito kamar wanda ya tashi daga jinya. Amma tana da kunne. A kan kunnen nan aka zauna da ita, kuma a kansa ta sha wahalar da babu wayar da ta taɓa shan irinta a layin gidansu.

Ga waɗanda ba su san aikinta ba, bari a yi bayani. Mai ita yana da manhajojin sauti guda bakwai a cikinta. Ba waƙa yake yi ba, ba ya kuma iya kiɗa. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki ƙarar wani abu, ya shigar da ita manhaja, ya ja ta ta yi tsawo, ya juya ta ta dawo da baya, ya ɗora mata wata a kai, har sai abin da ya yi ƙarar ma in ya ji ba zai gane kansa ba. Ƙofar kabad ɗin ƙarfe na ofis, in aka rage mata gudu sau takwas, sai ta koma kukan saniya daga cikin rijiya. Hatimi ya zama ganga. Fankar sama mai lanƙwasasshen fiffike ta ba shi wani ƙugi da ya yi wata biyu yana tattalinsa. Akwai wani dandali da masu irin wannan larura ke haɗuwa daga ƙasashe daban-daban, a can yake saka aikinsa. Wanda ya fi karɓuwa an saurare shi sau goma sha ɗaya, uku daga ciki shi ne da kansa.

Ana shaidar marigayiyar da haƙuri. An saka ta cikin tukunya an rufe an buga murfin da cokali, ba ta ce uffan ba. An zura ta cikin duron ruwa da zare. An ɗaure ta a jikin tayar keke an gangara layi. An taɓa barin ta minti huɗu a cikin firiji, don mai ita yana so ya san abin da firiji ke faɗa in an rufe ƙofa. Duk ta jure, ta kuma kawo rahoto ba ragi ba ƙari, har da abin da ba a aike ta ba. A ƙarshen kusan kowace ɗauka ta gida akwai muryar maiɗakinsa daga nesa.

"Malam, in ka gama da tukunyar, akwai masu son cin abinci a gidan nan."

Ko kuma wadda ya fi so, ta ranar da ya kunna mata aikin fanka:

"Wai injin niƙan makwabta ne ya lalace?"

"Kiɗa ne."

"Ayya. To Allah ya ba shi lafiya."

Aibinta ɗaya, ƙaramin ciki. Ba ta iya ɗaukar kaya da yawa, kullum cikin kukan wuri ya cika take. Saboda haka mai ita ya kafa wa kansa doka: da zarar ya gama sarrafa sauti, sai ya ajiye sabon a kan na asali, na asalin ya tafi. Har alfahari yake yi da wannan tsari. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana ajiye kwafi uku na takardar neman hutun kowane masinja, a waya ba ya barin ko ɗaya.

Ana kuma shaidar ta da riƙon amana, kuma a nan ne ya zama dole a ambaci Inna.

Mahaifiyarsa tana da keken ɗinki na ƙafa, baƙi, wanda ya girme shi. Igiyarsa ta fata ta taɓa tsinkewa aka ƙulla, shi ya sa duk juyi ɗaya sai ƙullin ya ce ƙas. Ya daɗe yana kwaɗayin wannan ƙas ɗin. Wata Asabar, shekara ɗaya da rabi da suka wuce, ya je gaishe ta ya tarar tana kan keken, Yaya, babbar yayarsu, na zaune a bakin gado tana warware wani ɗinki. Ya lallaɓa ya ajiye wayar a kan katakon keken ya danna. Abin da ya manta shi ne, Inna in ƙafarta ta fara motsi bakinta ma ya fara. Ta ɗauko labarin ranar da aka haifi Yaya, yadda babansu ya ruga kiran unguwarzoma da takalmi ƙafa ɗaya, ya dawo ba unguwarzoma ba ɗaya takalmin. Yaya na dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ransa na ɓaci, ana lalata masa ɗauka.

"Inna, ki ɗan yi shiru mana, ana ɗauka."

"Ana ɗaukar wa? Keken? Kai ɗan nan, furfura ta iso amma hankali ya ce sai an jima. Ni da na haife ka ba ka ɗauke ni ba, sai ƙarfe?"

Ta ci gaba da labarinta, ta ƙara da wani. Minti shida da daƙiƙa arba'in.

Ranar Litinin a ofis ya buɗe wata manhaja da ke iya raba muryar mutum da sauran ƙara. Ta raba, ta tambaye shi wanne zai riƙe. Ya riƙe keken. Ta sake tambaya ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Ya ajiye a kan na asali kamar yadda ya saba. Ya tuna sarai cewa ranar ya ji daɗi, don bai taɓa samun sauti mai tsabta irin wannan ba.

Inna ta rasu wata takwas da suka wuce. Ita ba mai barin saƙon murya ba ce, ƙaramar waya gare ta mai madannai, in ta gama magana ta kashe ba sallama. Babu wanda ke da muryarta a ko'ina. Bai yi kuka ba. Shi ya jera kujerun masu gaisuwa, kuma yana jan su a kan siminti ya kama kansa yana tunanin cewa wannan ƙarar za ta yi kyau in an rage mata gudu.

Bayan sati uku saƙonnin Yaya suka fara shigowa, wayar kuma ta adana su duka.

"Ɗan Inna, ka turo min muryar nan mana, ta ranar keke."

Ya ce ta yi nauyi, ba za ta tafi ba sai ya rage ta.

"Wai sai na zo na murɗe maka kunne? Yarana na so su ji kakarsu tana ba da labarin takalmi. Kullum kana danne-danne, abu ɗaya ya gagare ka."

Ya ce manhajar na bukatar sabuntawa. Ya ce sabis ne. Ya ce yana tace ta ne don ta fito tas. Saƙon ƙarshe ya zo wata guda da ya wuce, babu faɗa a cikinsa, ana jin ruwa na zuba a famfo a bayanta.

"Jiya na zauna ina so in tuna yadda take kiran sunana, na kasa. Ka turo don Allah, ko yaya take."

Ya saurara sau ɗaya, ya amsa da cewa ya kusa gamawa.

Ba a ce bai yi ƙoƙari ba. Duk manhajojin nan bakwai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman abin da zai dawo da ita. Babu. Abin da ke akwai shi ne keke na tafiya, ƙas, ƙas, ƙas, kuma duk inda ta yi magana sai sautin ya ɗan lotsa, kamar an danna yatsa a jikin ƙullu. Yana iya nuna inda takalmin yake da inda furfurar take, daga lotsawar kawai. A minti na huɗu da daƙiƙa goma sha biyu akwai abu ɗaya da manhajar ta ɗauka ƙarar inji ce ta bari: jan numfashin da Inna ta yi kafin ta fashe da dariya. Bai kai rabin daƙiƙa ba. Kullum lokacin hutun rana yakan tura ƙofar ɗakin fayil ya sa a kunne. Ba ya jin komai a ransa in ya saurara. Yana dai sake kunnawa.

Rashin lafiyar marigayiya wayar ya fara ne da ƙin cin wuta. Da farko sai an lanƙwasa igiyar caja gefe. Daga baya sai an danne kan igiyar da hatimi, a bar ta kwance kamar mai karaya, kowa ya yi tafiya a hankali kusa da teburin. Ranar Talatar da aka ambata, tana cikin kunna keken, fuskarta ta yi duhu. Ya danna, ya girgiza, ya hura mata iska. Ya kai ta wurin mai gyaran da ke ƙarƙashin matattakalar wani bene a kan hanyar ofis. Mutumin yana cin gyaɗa, ya jona ta da hannu ɗaya, ya jira ɗan lokaci, ya girgiza kai, ya miƙo ta. Mai ita bai nemi ganin wani likitan ba. Gaskiya ta sa a rubuta cewa a kan hanyar komawa ya ji ƙafafunsa sun yi sauƙi.

Da yamma ya ari wayar maiɗakinsa ya sanar da Yaya cewa waya ta mutu da duk abin da ke cikinta. Yaya ta saurara har ya gama. Sannan ta shiga ba shi haƙuri. Ta ce kada ya ɗora wa kansa laifi, ta san ya yi iya yinsa, ta kuma san shi ya fi kowa rashi tunda shi yake tare da muryar kullum. Ya ce haka ne. Ya karɓi ta'aziyyar duka, bai mayar da ko kaɗan ba.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai karyayyen wuya, da iyafis na saurare wanda kunnensa na hagu ya riga ta tafiya, da rigar roba da ta koma ruwan ɗorawa. Ta bar manhajoji bakwai marayu. Ta bar tukunya, wadda tuni ta koma bakin aikinta. Ta bar maiɗakinsa, wadda ta karɓi labarin da dangana mai ban mamaki, har aka ji tana 'yar waƙa a kicin. Ta bar kabad ɗin ofis yana ta kuka ba mai saurare. Ta kuma bar mai ita, wanda yanzu yake cin abincin rana a kan lokaci.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, a aljihun tebur na ƙasa, inda aka binne magabatanta biyu da wani rediyo. Za a naɗe ta da hankici fari. Ba a bukatar kujeru. Ana roƙon masu zuwa su kashe wayoyinsu, kada kuma wani ya zo da shawarar irin wadda za a saya.

Ana kuma neman afuwar jama'a idan aka samu ɗan jinkiri, domin gawar ba ta hannun mai ita. Jiya yana wurin aiki Yaya ta biyo gida ta karɓe ta, ta kai wa wani mai gyara a unguwarsu. Mai gyaran ya sa allura ya zaro dunƙulen zaren aljihu daga ramin caji. Wayar ta kunnu, babu abin da ya goge, kuma Yaya ta aiko a tambaye shi lambar buɗewa.