Tulunan da Na Shafe da Siminti

Wani rani na ziyarci kawuna a Kirikasamma, na tarar da tattasansa kore shar, alhali ba shi da injin ban ruwa. Tuluna ya binne har wuya a tsakanin shukar, yana cika su duk bayan kwana uku. Ƙasar sama a bushe take, amma da na tona da yatsa sai na ji danshi. Na daɗe a tsugune ina kallon ikon Allah.

"Zauna in yi maka bayani, ɗan nan," in ji shi.

"Ai na gane, Kawu."

Da na koma Haɗeja, na lallashi maiɗakina ta bar mini lambun tumatirinta na bayan gida, wanda da shi take miya. Na sayo tuluna shida. Da na zuba ruwa na ga kowanne yana naso, sai na yi tir da maginan zamani. Na kwaɓa siminti na shafe cikinsu tsaf, sannan na binne.

Kwana goma ruwan bai ragu ba. Na kira maƙwabta su ga tattali, na hana kowa shiga da bokiti. Tumatirin ya bushe a tsaye, kowanne kusa da cikakken tulu.

Da Kawu ya zo, ya ƙwanƙwasa simintin, ya ce:

"Nason ne ban ruwan, ɗan nan. Kai kuwa kurkuku ka gina wa ruwa."

Har yau in na nemi ruwan sha, maiɗakina takan ajiye kofin nesa kaɗan, ta ce, "Zauna kusa da shi, Injiniya, ai a cike yake."