Rasuwar Yalwa, Sandar Fatsar Malam Gado

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma riga da har yanzu ba ta gama bushewa ba, Malam Gado manomin auduga, na unguwar Hausawa da ke kusa da Suki, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Wad Haddad da Hajj Abdalla da sauran garuruwan bakin kogi rasuwar sandar fatsarsa, Yalwa. Ta cika ranar Talata gab da azahar, a cikin ruwa, tana bakin aiki, bayan gajeruwar rashin lafiya da ta kama ta a ƙugu. Shekarunta goma sha uku a duniya.

An haife ta a shekarar da Turawa suka naɗe kayansu. Gado yana aikin gona a Wad Haddad a lokacin, sai wani mufattishi, wato Baturen da ke zagaya gonakin auduga, ya bar masa wata 'yar makana ta naɗe zaren kamun kifi, mai hannu kamar na keken ɗinki. Bai bar masa sanda ba, bai kuma tsaya gaya masa yadda ake ɗora ta ba, don motarsa tana jira.

A shekarar ce kuma Gado ya auri Maryamu, 'yar Baba Garba, Bakabe, masunci ɗan masunci, wanda kakanninsa suka taso za su Makka, suka ga wannan kogi, suka ce bari su ɗan huta tukuna. Ranar ɗaurin aure tsohon ya ce a gaban jama'a, "Na ba ka ɗiyata, amma ku manoma ruwan tulu kaɗai kunka sani." Aka yi dariya, Gado ma ya taya, don suruki ba a mayar masa da magana. Tun daga ranar kowace Juma'a sai an aiko da kifi daga gidan Baba Garba, wai kada yarinya ta manta da ɗanɗanonsa. Gado yana ci, yana aika godiya, abin yana tsaya masa a wuya. Sai ya ƙudura a ransa cewa kafin ɗayansu ya bar duniya, sai ya aika wa tsohon nan kifi guda na kamun hannunsa, wanda sai mutum biyu za su ɗauka. Don wannan aka yi Yalwa, ba don wani abu ba.

Masu makoki za su so su tuna irin kulawar da aka yi wajen halittarta. Gorar daga garin Rusairis aka kawo ta, Gado ya gasa ta a kan garwashi gaɓa-gaɓa har ta miƙe sambal. Ya lanƙwasa wayar ƙafar keke ya yi mata zobba bakwai da zare zai bi. Ƙugunta kuwa, wato wurin da makana za ta zauna, nan ya kwashe mako biyu. Ya fere gorar da wuƙa, kamu ɗaya daga gindi, har ƙafar makanar ta kwanta lif. Ya ja zare daga bakin makana zuwa zoben ƙarshe, ya rufe ido ɗaya, ya gyara, ya sake gyarawa, har Maryamu ta ce ko liman bai kai shi son daidaita sahu ba. Sannan ya shafa ƙaro, ya samo ɗanyar fatar wutsiyar sa, ya zura ta a kan ƙafar makanar gaba da baya, yadda ubansa yake ɗaure kan kulki. Da fatar ta bushe sai ta kama kamar ƙarfe. Ƙarti uku sun gwada girgiza makanar, ko gezau ba ta yi ba.

Wani maƙeri a kasuwar Hajj Abdalla ya juya ta ya ce, "Aiki kwayyis, ya yi kyau, bawan Allah. Amma ɗanyar hwata in ta sha ruwa komawa takai yadda ta hito, ƙaro kuwa narkewa shikai. Bari in yi maka zobba biyu na tagulla." Gado ya ce ɗaurin gidansu bai taɓa kwancewa ba. Gaskiya ya faɗa. Sai dai a gidansu ba a taɓa kai kulki kogi ba.

Duk da haka maganar ta shige shi, kuma daga nan marigayiya ta samu halinta da aka fi saninta da shi, wato gudun ruwa. A duk faɗin kogin nan babu sandar fatsa mai kamun kai irin nata. Daga kan gaɓa take aiki, ƙugunta naɗe da tsohon rawani. Da hadari ya taso za a ga Gado ya rungume ta ya yi gida da gudu, daidai lokacin da masunta ke fitowa. Mai tausayin halittun Allah ce, don a tsawon rayuwarta ba ta raba fiye da kifi tara da iyalansu ba, kuma babu wanda ya wuce tafin hannu a cikinsu. Ba ta da surutu. In ana naɗe ta, takan ce tak, tak, tak, a hankali, kamar mai jan carbi. Gado ya so ta ƙwarai, kuma bai taɓa jin kunyar faɗa ba.

Ranar Talatar nan, kogi ya fara ja da baya bayan cikar damina. Gado ya jefa ƙugiya da hantsi a gindin gabaruwar da Baba Garba yake zama. Idon tsohon ya mutu shekara huɗu ke nan, amma kullum sai ya lallabo bakin ruwa ya zauna yana saurare. Suka gaisa kamar kullum, Gado a durƙushe, kansa a ƙasa, sannan ya ja gefe.

Ba a jima ba Yalwa ta yi wani kuka da ba a taɓa jin ta yi ba, kirrrrr, doguwar ƙara ba numfashi. Gorar ta sunkuya har kanta ya kusa taɓa ruwa. Zare yana ta fita, Gado yana kallon makana tana ramewa a hannunsa. Ya san in ya tsaya a kan gaɓa zaren zai ƙare, ya kuma san abin da maƙeri ya faɗa. Ya bi kifin. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, ga shi ko iyo bai iya ba. Ya ɗaga ta sama har kafaɗunsa suka gaza, daga nan ƙugun Yalwa ya nutse.

Ta yi haƙuri, a gaskiya. Daga hantsi har rana ta take tsaka tana riƙe. Sau biyu Gado ya ga bayan giwan ruwan ya taso, faɗinsa ya kai ƙyauren ɗaki. Sai ya ji fatar ta yi laushi a ƙarƙashin yatsunsa kamar ganda a tukunya, makana ta soma rawa. Ya danne ta da babban yatsa, ya yi duk addu'ar da ya sani. Kalmarta ta ƙarshe ita ce ƙas. Makanar ta zame, ta bi gorar tana tsinke zobban ɗaya bayan ɗaya, kan gorar ya karye, duka suka bi kifin zuwa inda ya nufa.

Gado ya fito da guntun gora a hannu, ya zauna a laka ya yi kuka sosai, irin na babban mutum, mara sauti. Babu kowa a bakin kogin sai makaho, kuma ya san ko ya ba da labari a gari dariya za a yi. Sai ya ji tsohon ya ce daga gindin gabaruwa, "Mijin Maryamu, matso nan." Ya matso ya durƙusa. Tsohon ya lalubo rigarsa, ya shafa har inda ruwa ya kai, ya ce, "Shekara sittin ina ruwa, sau ukku na ji zare ya yi wanga kuka. Biyu sun kubce man. Halas, ya isa haka, tashi mu tai gida, masunci."

Marigayiya ta bar marayu da dama. Akwai ƙugiyoyi biyar a cikin gwangwanin shayi, da tsohon rawanin da ya yi mata hidima har ƙarshe, da rabin ƙwarya na tana waɗanda su kaɗai ne ba su nuna alhini ba. Ta bar kuma Maryamu, wadda ta karɓi labarin da dauriya mai ban mamaki, har ta tambaya ko yanzu za a samu mai gyara dangar gida.

Za a rataye abin da ya saura na gawar a rumfar ƙofar gida ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a wurin da ɗigon ruwa ba ya kaiwa. Liman ya ce ba a yi wa gora salla, amma zai zo shan shayi. Za a yi zaman kwana uku, akwai tuwon dawa da miyar kifi. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su tambayi mai makoki girman kifin da ya tafi, don ba ya iya magana a kai. Su tambayi surukinsa. Za su same shi zaune a tabarma ɗaya da shi, kuma tun ranar Talata kifin ƙaruwa yake yi a bakinsa.